YADDA AKE SA WA JIRGIN RUWA MAƊAURI

Birnin Gombe ba a bakin kogi yake ba, amma tarihinsa da ruwan shansa duka suna rataye da Kogin Gongola. Modibbo Buba Yero, wanda ya kafa masarautar Gombe a 1804, a Gombe Abba ya zauna, kusa da wannan kogi. A gaɓarsa kuma Nafaɗa take, inda aka mai da hedkwatar masarauta a 1913, kafin a taso zuwa Gombe Doma a 1919. Tun daga 1984, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kammala madatsar ruwa ta Daɗin Kowa, kimanin kilomita 40 gabas da gari a kan hanyar Biu, wani babban tafki ya samu, wanda faɗinsa kan kai wajen murabba'in kilomita 300 idan ya cika. Masunta suna kamun kifi a cikinsa, masu fito suna ƙetarar da mutane da kaya, waɗansu kuwa sukan shiga jirgi domin shan iska kawai, musamman a ranakun Salla.

An rubuta wannan ƙasida domin masu waɗannan jirage, da kuma masu walda, da maƙera, da kafintoci na Herwagana da sauran unguwannin Gombe, waɗanda mai jirgi zai kawo wa aikin ƙarfe ko na katako. Maganarmu a kan ɗan ƙaramin abu ne wanda mutane suka raina, watau wurin da ake ɗaura igiya a jikin jirgi.

MENE NE MAƊAURI?

Kowa ya san turke. Mai doki ba ya ɗaure dokinsa a jikin kara, sai ya nemi icce mai ƙarfi ya kafa shi da zurfi. To, jirgi yana bukatar turke biyu: ɗaya a gaɓa, ɗaya a jikinsa. Na gaɓa kowa yana kula da shi. Na jikin jirgi shi ne ake wasa da shi. Sau da yawa za ka ga an lanƙwasa ƙusa mai inci shida an buga a goshin kwalekwale, ko an zura igiya ƙarƙashin katakon zama wanda ƙusoshi biyu kaɗai ke riƙe da shi, ko kuma an ɗaura a hannun inji. Duk waɗannan sukan riƙe a ranar da ruwa ke kwance. Ranar hadari kuwa sai a wayi gari igiya tana nan a turke, jirgi ya yi nasa wuri.

Maɗaurin da masu ƙera jirage a ko'ina cikin duniya suka yarda da shi ƙarfe ne mai ƙaho biyu, ɗaya yana duban gaba, ɗaya yana duban baya, suna tsaye bisa ƙafa biyu ko gindi guda. Amfaninsa uku ne. Ana naɗa masa igiya cikin ƙiftawar ido. Ba ya sakinta kome ƙarfin ja. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, ana iya kwance ta ko da jirgi yana jan ta da ƙarfi, abin da ba ya yiwuwa ga ƙulli idan ya jiƙe ya ɗame. Mai jirgin da ya taɓa neman wuƙa cikin duhu domin ya yanke igiyarsa ya san darajar wannan.

ƘARFIN DA KE JAN JIRGI

Kada mutum ya auna maɗauri da nauyin jirgi kawai, gama jirgin da ke kan ruwa ko yaro yana iya jawo shi da hannu ɗaya. Abin da ke karya maɗauri fizga ce. Sa'ad da igiyar ruwa ta ɗaga jirgi ta ja shi baya, igiyar ɗauri takan saki, sa'an nan ta miƙe farat ɗaya, duk nauyin jirgin ya faɗa wa wuri guda wanda bai fi tafin hannu ba. Haka za ta yi ta yi ɗaruruwan lokuta a dare ɗaya.

Iska ma tana da nata lissafi. Idan gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura jirgi da shi ba sau biyu yake ninkawa ba, sau huɗu ne. Idan ya ninka sau uku, ƙarfin ya zama sau tara. Saboda haka guguwar da kan zo gaban hadarin farkon damina, wadda galibi daga gabas take tasowa, ita ce babbar mai gwada maɗauri, balle a tafki mai faɗi irin na Daɗin Kowa inda iska ke samun fili ta tara igiyar ruwa kafin ta iso gaɓa.

Akwai kuma ruwan sama da ke taruwa cikin jirgi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da buɗaɗɗen cikinsa ya kai murabba'in mita 10, idan aka yi ruwa mai zurfin milimita 50 a dare, ya ɗauki lita 500 ke nan, watau rabin tan, nauyin buhu goma na siminti. Duk wannan ƙari maɗauri ne zai ji shi a kowace fizga.

ZAƁEN IGIYA DA GIRMAN MAƊAURI

Da igiya ake farawa, domin kaurinta shi ke nuna girman maɗaurin da za a saya ko a ƙera. Jirgin da tsawonsa bai wuce ƙafa 25 ba, watau wajen mita bakwai da rabi, igiya mai kaurin milimita 10 ta ishe shi. Wanda ya kai ƙafa 35 yana bukatar mai milimita 12. Ƙa'idar da masu jirage ke bi ita ce, tsawon maɗauri daga bakin ƙaho zuwa bakin ƙaho ya kai kaurin igiya sau 16. Ke nan igiya mai milimita 10 tana son maɗauri mai inci 6, mai milimita 12 kuwa mai inci 8. In an rasa daidai, a ɗauki wanda ya fi girma. Babban maɗauri ba ya ɓata kome, amma ƙarami ba ya ɗaukar naɗi, igiya sai ta cika shi ta zame.

Igiyar lailon mai tufka uku ita ce ta fi dacewa da ɗaurin jirgi, saboda tana miƙewa kamar roba ta shanye fizga kafin ta isa ga ƙarfe. A tuna dai ƙarfinta yakan ɗan ragu idan ta jiƙe. Ita kuwa igiyar roba mai launin shuɗi ko rawaya, wadda ta cika kasuwa domin araharta, tana da santsi, ba ta riƙe naɗi da kyau, rana kuma tana cinye ta. Alamarta ita ce tana yawo a bisa ruwa, lailon kuwa nitsewa yake yi. Idan ka murza ta ka ga gari yana zuba ko zare yana tashi kamar gashi, kwananta ya ƙare. Igiyar rama da ta kaba ruɓewa suke yi in sun daɗe cikin danshi.

IRIN ƘARFE

Mafi kyau shi ne farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, sai tagulla, sai baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. Na roba mai tauri ana samunsa, amma ƙananan jirage kaɗai ya dace da su. Muna jan kunnen jama'a game da maɗaurin da aka zuba da narkakken alminiyam irin na tukwane. Yana da kyan gani, amma zubi irin wannan yakan ɓoye ƙananan ramuka a ciki, kuma ba ya lanƙwashewa ya ba da gargaɗi, sai dai ya ɓalle gaba ɗaya.

Ba tilas ba ne a jira na kanti. Mai walda da ya san aikinsa zai iya haɗa nagari. Ya sami rodi mai sulɓi, mai kaurin milimita 16, ya yanka tsawon da ake so ya zama ƙahoni. Ya tsai da shi bisa gajerun ƙafafu biyu, ya like su a kan falle mai kaurin milimita 6 wanda aka huda wuri huɗu. Tsayin ƙafafun ya isa igiya biyu su kwanta ƙarƙashin kowane ƙaho ba matsi. Kada a yi amfani da rodin gini mai gargada, domin zai ci igiya kamar zarto. Bayan walda a goge duk kaifi da tsini, har mutum ya shafa da tafin hannu bai ji abin da ya karce shi ba, sa'an nan a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fenti na sama. Wanda zai yi walda a kan ƙarfe mai rufin tutiya ya yi a fili inda iska ke kaɗawa, gama farin hayaƙin da ke tashi yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

INDA ZA A KAFA SHI

Ƙaramin jirgi yana bukatar maɗauri uku aƙalla: ɗaya a goshi, ɗaya a kowane gefe na baya. Jirgin da ya wuce ƙafa 20, ko wanda ke tsayawa a gefen kwata domin ɗaukar mutane, a ƙara masa ɗaya a tsakiyar kowane gefe.

A kafa shi yadda ƙahonin za su miƙe kusan daidai da inda igiya za ta ja, domin maɗauri ya fi ƙarfi a tsawonsa bisa ga gicciyensa. A duba kuma hanyar da igiya za ta bi daga maɗauri zuwa gaɓa, kada ta goga da kaifin katako ko na ƙarfe. Kada a sa shi inda mutane ke taka ƙafa wajen shiga da fita, domin ƙaho yana kama riga da zane, kuma mace mai goyo da ta yi tuntuɓe a bakin jirgi ba a tudu za ta faɗi ba.

Abu mafi girma shi ne abin da ke ƙarƙashin maɗaurin. Maɗauri ba ya fin abin da aka kafa shi a kai ƙarfi. A jirgin katako, a nemi wurin da haƙarƙarin jirgi yake, ko babban iccen goshi, kada a kafa a kan falankin gefe shi kaɗai. A soka tsinin wuƙa a gwada. In ta shige da sauƙi, katakon ya ruɓe, sai an canja shi tukuna. Kwalekwalen da aka sassaƙa daga gungume ɗaya ba shi da rufi a goshi, saboda haka sai kafinta ya gitta masa guntun icce mai tauri, kamar maɗaci, ko kawo, ko ƙirya, kusa da goshi, ya ɗaure shi da ƙusoshin noti ta gefe biyu, a kafa maɗauri a kansa. In goshin yana da kauri sosai, zoben ƙarfe mai ƙusar noti da ta ratsa iccen ma ya wadatar. A kowane hali, hudar ta kasance sama da iyakar ruwa ko da jirgi ya yi lodi.

YADDA AKE KAFAWA

A nan ne yawancin aiki ke lalacewa, saboda haka mai karatu ya natsu.

Ba a kafa maɗauri da ƙusa, ba a kuma kafa shi da sukuru. Ƙusa da sukuru naman katako kaɗai suke kamawa, katakon jirgi kuwa kullum cikin kumbura da motsewa yake tsakanin damina da hunturu, har ramin ya buɗe su saki. Abin da ake so ƙusa ce mai noti, wadda za ta ratsa ta fito ta ɗaya gefen. Kaurinta ya cika hudar da ke ƙafar maɗauri, galibi milimita 6 ga mai inci 6, milimita 8 ga mai inci 8. Ta zama irin ƙarfen maɗaurin, domin ƙarfe iri biyu da suka haɗu cikin danshi ɗaya yakan ci ɗaya. A jirgin alminiyam, in da farin ƙarfe za a ɗaure, a raba su da ɗan fallen roba ko danƙon like.

Ta ƙarƙashi kuma wajibi ne a sa matashi, watau falle mai faɗi wanda notin zai danna. Dalilinsa mai sauƙi ne. Noti shi kaɗai faɗinsa bai fi kwabo ba, in aka fizge shi sai ya huda katako ko faiba ya fito. Matashi yana raba wannan ƙarfi bisa wuri mai faɗi, kamar yadda gammo ke raba nauyin tulu a ka. Ya fi gindin maɗauri tsawo da faɗi da kamar santimita biyu ko uku ta kowane gefe. Ana yinsa da ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, ko katako mai tauri mai kaurin santimita 2. A dakushe kusurwoyinsa, kuma ya kwanta lif a jikin jirgi ba tare da rata ba. Inda wuri ya ƙi matashi saboda ƙunci, a sa manyan washa masu faɗi, amma wannan dabarar dole ce, ba ta kai matashi ba.

Sai a aza maɗauri a wurinsa, a leƙa ƙarƙashi a tabbata hannu da sufana za su isa, kuma babu wayar lantarki ko tiyon mai a wurin. A sa alama, a huda rami ɗaya tukuna, a zura ƙusa, sa'an nan a huda sauran ta cikin hudar maɗaurin, domin kada su kauce. Huda ta tafi a miƙe. A jirgin faiba, a manna tef a wurin kafin a huda, a kuma ɗan faɗaɗa bakin ramin kaɗan, don kada fatar saman ta tsage. Waɗansu jiragen faiba suna da katako a tsakanin fata biyu. In injin huda ya fito da garin katako, to, a shafe cikin ramin da gam mai haɗi biyu irin na gyaran faiba, a bari ya bushe, in ba haka ba ruwa zai shiga ya ruɓar da katakon a ɓoye.

Kafin a ɗaure, a share wurin ya bushe sarai, a shafa danƙon like mai hana ruwa a gindin maɗauri da wuyan kowace ƙusa. A jirgin katako, inda ba a sami wannan ba, kwalta ko fenti mai kauri ya fi babu. Mutum biyu ake so: ɗaya ya riƙe kan ƙusa a sama kada ta juya, ɗaya ya murɗa noti a ƙasa. In kan ƙusa ya juya, yakan kwashe danƙon daga ramin. A riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan kaɗan, har danƙo ya ɓullo ta gefe. Kada a matse har katako ya lotsa ko faiba ta yi ƙara. A sa noti mai roba a ciki, ko noti biyu ɗaya bisa ɗaya, saboda girgizar inji tana kwance noti. Bayan mako guda a sake gwada su da sufana.

NAƊIN IGIYA

A kai igiya ga ƙahon da ya fi nisa da inda ta fito, a zagaya gindin maɗauri da ita har ta bi ƙarƙashin ƙahonin biyu. Wannan zagaye na farko shi ke ɗaukar nauyi, kuma da shi mutum ɗaya ke iya tsai da jirgi ko ya sassauta masa a hankali. Sa'an nan a gitta ta bisa tsakiya, ta bi ƙarƙashin ƙaho ɗaya, ta dawo ta gitta, kamar ana rubuta lamba 8. Daga ƙarshe a murɗa ta ta yi zobe, bakinta yana ƙasa, a rataya a ɗaya ƙahon a ja. In an yi daidai, za a ga igiya biyu kwance gefe da gefe, ɗaya ta gitta bisansu. Tara naɗi goma ba ya ƙara ƙarfi, sai dai ya jinkirta kwancewa ranar da ake sauri. Kada yatsa ya shiga tsakanin igiya da ƙaho.

A GAƁA

Igiyar goshi da ta baya kowace ta kai kashi biyu cikin uku na tsawon jirgi. Wanda ke tsayawa a gefen kwata ya ƙara ta uku mai tsawon jirgin duka, daga maɗaurin tsakiya a karkace zuwa turke na gaba ko na baya, ita ke hana shi kai da komowa. A rataya tsofaffin tayoyi a gefe. Inda igiya ke gogar bakin jirgi ko dutse, a zura ta cikin guntun tsohon tiyo.

Ruwan tafki ba ya zama wuri ɗaya. A Daɗin Kowa yakan hau da damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, ya riƙa ja da baya da rani. A ƙasan madatsa kuwa, har zuwa Kiri da Numan inda Gongola ke shiga Binuwai, kogi yana iya tashi cikin 'yan sa'o'i idan aka saki ruwa. Jirgin da aka ɗaure da gajeriyar igiya a turke na ƙasa, in ruwa ya hau, igiyar sai ta danne goshinsa har ya sha ruwa. Wanda aka ɗaure tam a wuri mai tsayi, in ruwa ya sauka, sai ya rataye, dukan nauyinsa a kan maɗauri. Maganin duka biyu doguwar igiya ce da aka kai nesa a karkace, da kuma zuwa dubawa safe da yamma. Masu jirage su riƙa sauraron sanarwar Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama, wadda ke kula da madatsar.

Ba a ɗaga jirgi da maɗauri, ba a kuma jan wani jirgi ko mota ta ja shi zuwa tudu da shi, sai in domin haka aka ƙera shi. Lailon da aka ja ya miƙe, in maɗauri ya tumɓuke, yakan harbo ƙarfen kamar dutsen majajjawa. Kada kowa ya tsaya daidai da igiyar da ke ɗame.

Kafin kowace damina a jijjiga maɗauri da hannu. In ya motsa, ko aka ga jan tsatsa yana gangarowa daga ƙusa, ko tsaga a kewayen gindinsa, ko katakon ƙarƙashi ya yi baƙi, a cire shi duka a gyara wurin a sake kafawa da sababbin ƙusoshi.

Sha'anin jiragen koguna da tafkuna yana hannun Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, wadda aka sani da suna NIWA. An kafa ta a 1997, hedkwatarta tana Lakwaja, kuma tun 2023 tana ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa. Ƙa'idodinta sun wajabta wa kowane fasinja sa rigar kariya, sun hana lodi fiye da kima, sun kuma hana tafiyar dare. Jirgin da zai ɗauki mutane a ɗaure shi gaba da baya kafin mutum na farko ya sa ƙafa, kada kuma a kwance igiya sai kowa ya zauna, inji ya tashi.